Hannun da Ya Gaji Shi Ke Ɗaga Sanda

Karatu: Littafin Ƙidaya 20:1-13

In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe ka karanta ayoyin nan a hankali kafin mu ci gaba. Saƙon yau na malamin makaranta ne, musamman wanda bai daɗe da kama alli ba. Amma in kai uba ne, ko ke uwa ce, ko kana koyarwa a makarantar Lahadi, kada ka rufe littafin, akwai rabonka a ciki.

Akwai wani saurayi a ƙaramar ikkilisiyarmu ta masu jin Hausa a nan Abijan, ƙasar Kwaddibuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya yarda in ba ka labarinsa. Iyayensa mutanen Maraɗi ne, shi kuwa a Arras aka haife shi, a cikin Treichville. Bayan ya ci jarrabawar bakaloriya ya daɗe yana neman aiki, har wata makarantar kuɗi a Adjamé ta ɗauke shi ya koyar a aji huɗu na firamare, wanda a nan ake kira CE2. Malaman firamare na gwamnati sukan bi ta makarantun horon malamai da ake kira CAFOP, inda ake koya wa mutum shirya darasi da riƙon aji. Shi bai bi ta can ba. Ranar Juma'a aka ce an ɗauke shi, ranar Litinin aka miƙa masa alli da rajista.

Ranar Lahadin da ya ba da shaidar samun aikin, dukanmu muka tafa, mata suka yi guɗa. Wannan a watan Satumba ke nan.

Bari in nuna maka yadda yininsa yake. Tun da sauran duhu zai tashi ya tsaya jiran bas ɗin SOTRA, a haye gadar Houphouët-Boigny, a ratsa Plateau, a sauka Adjamé, sau da yawa a tsaye yake tun daga gida. Yaran ajinsa sun haura sittin, uku ko huɗu a benci ɗaya. Tun shekarar 2015 dokar ƙasar nan ta tilasta wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 zuwa makaranta. Abu ne mai kyau, mun gode wa Allah, amma nauyinsa a kan wuyan malamai ya sauka. Ta taga kuwa ba abin da ke shigowa sai ihun yaran motar gbaka, masu kiran Abobo da Yopougon. Da Faransanci ake karatu, amma a gida wannan yaro Jula yake ji, wancan Baule, wani Hausa, in sun haɗu a bayan aji kuma sai nushi, yaren titi, wanda suke yi wa malami ba'a da shi. In an tashi ba gida zai nufa ba, sai ya bi gidaje biyu yana koya wa 'ya'yan masu hali darasin yamma, domin albashin ba ya kai ƙarshen wata. Da dare ga tulin littattafan yara suna jiran jan biro.

A nan dole in faɗi laifina. Mu a ikkilisiya, da muka ga yaro mai ilimi da biyayya, sai muka ɗora masa makarantar Lahadi, muka ɗora masa littafin kuɗin matasa, ga ƙungiyar mawaƙa ranar Asabar. Ni da bakina na ce masa ai malami ne, koyarwa ba za ta yi masa wuya ba. Ban taɓa tambayarsa ƙarfe nawa yake kwanciya ba.

Wajen ƙarshen Nuwamba, wata ranar Alhamis, wani yaro ya yi barci a aji, karo na uku a mako ɗaya. Har munshari yake yi, sauran yara suna dariya. Akwai wani guntun tiyo da malamin da ya riga shi ya bari a cikin durowa. Tun Satumba yake ganinsa bai taɓa shi ba. Ran nan ya ɗauko. Ya ce mini bai san sau nawa ya sauke shi a bayan yaron ba. Abin da ya sani shi ne aji ya yi tsit, irin shirun da yake nema wata uku bai samu ba, har aka tashi ko tari ba wanda ya yi.

Da dare ya zo gidana. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Baba Fasto," in ji shi, "ina ji Ruhun Allah ya rabu da ni. Na tsani yaran nan. In na hango ƙofar makarantar sai cikina ya murɗa. Addu'a ma na kasa."

Na ce, "Ɗana, me ka ci yau?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce burodi da shayi, da safe.

"Yaushe rabonka da barcin da ya ishe ka?"

Ya kasa tunawa.

To, yanzu mu koma wurin Musa. Ka lura da yadda surar ta fara. Jama'a sun iso Kadesh a jejin Zin, a nan Maryamu ta rasu aka binne ta. Yayar Musa ce, wadda ta tsaya daga nesa tana tsaron kwandonsa a bakin kogin Nilu. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba jama'a suka taso masa da Haruna a kan ruwa. Ba mu ga inda aka ce wani ya yi masa gaisuwar rasuwa ba. Gunagunin da ya sha ji shekara da shekaru, a kan Masar da ɓaure da inabi da rumman, shi suka sake kawo masa. Musa ya yi abin da ya dace, ya tafi ƙofar alfarwa ta sujada ya fāɗi rubda ciki. Ubangiji ya ba shi umarni a fili: ya ɗauki sanda, ya tara jama'a, ya yi wa dutsen magana a gabansu. Magana aka ce. Amma da Musa ya tsaya ya dubi fuskokin nan, sai ya juya maganar a kan mutane, ya kira su 'yan tawaye, sandan kuma ya sauke shi a kan dutse har sau biyu.

Wane ne wannan? Shi ne mutumin da sura 12 ta wannan littafi ta shaida cewa ba wanda ya kai shi tawali'u a duniya. Ba mugu ba ne. Zabura 106:32-33 ta waiwayi ranar, ta nuna mana cewa jama'a ne suka ɓata masa rai har ya yi magana da garaje. Mutum ne mai makoki, tsoho, wanda aka tatse haƙurinsa kaɗan kaɗan har ya ƙare. Kuma hannunsa ya san hanyar. A Refidim, a Fitowa 17, Allah da kansa ne ya ce ya bugi dutse, ruwa kuwa ya fito. Mutum in ya gaji ba ya jin sabon umarni, abin da ya saba shi yake komawa. Yawancinmu da bulala aka koya mana a b c d. In ƙarfinmu ya ƙare, hannu da kansa yake tuna inda take.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro a cikin nassin nan: ruwa ya fito. Ya fito da yawa, mutane suka sha, dabbobi suka sha. Da kana cikin taron ran nan da ka ce Musa ya yi daidai, ga shaida tana gudu a ƙasa. Allah ne kaɗai ya kira shi gefe ya ce masa bai gaskata da shi ba, bai nuna tsarkinsa a idon jama'a ba, saboda haka ba shi ne zai shigar da su ƙasar alkawari ba. Ɗan'uwana malami, bulala tana aiki, ba zan ruɗe ka ba. Aji zai yi shiru, mai makaranta zai wuce ta taga ya gyaɗa kai. Amma fitowar ruwa ba ita ce shaidar Allah ya yarda da hanyar ba. Yara sittin sun koyi wani darasi ran nan wanda ba a rubuta a allo ba, wato mai ƙarfi in ransa ya ɓaci yana da izinin huce haushinsa a kan ƙarami. Kuma sun san malaminsu Kirista ne.

Na san abin da wani dattijo zai ce, domin an sha faɗa mini. Zai buɗe mini Karin Magana 13:24, inda aka yi zancen sanda da ɗa, ya ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ƙi horo ba ko kaɗan, ajin da ba horo zalunci ne a kan yaran da suka zo koyo. Amma ka sake karanta ayar. Da uba take magana a kan ɗansa, ƙauna ce kuma tushenta. Ibraniyawa 12 ta nuna horon Allah domin amfaninmu yake, ba domin ya huce ba. Afisawa 6:4 kuma ta ja kunnen iyaye kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Ka tambayi zuciyarka, bulalar ranar Alhamis domin yaron ce, ko domin kai? Ban da haka, tun shekarar 2009 ma'aikatar ilimi ta ƙasar nan ta fitar da umarnin hana dukan ɗalibai da wulaƙanta su a makarantu. Cewa har yanzu ana yi a wurare da dama bai mai da shi halal ga mai bi ba, Romawa 13 tana nan ba a goge ta ba.

Amma ban fara da wannan wa'azi a daren nan ba. Matata ta zuba masa tuwo ya ci, na ce ya kwana a ɗakin yaranmu. Wannan ba hikimata ba ce, daga 1 Sarakuna 19 na koya. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai ya zauna a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Me Allah ya aiko masa? Ba tsawa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka, can a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Wanda ya halicci jiki ya san akwai tambayar da ba a yi wa mai yunwa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙarewar ƙarfi da aiki ke jawowa, ta ba ta alamu uku: gajiyar da ta cinye mutum, sanyin zuciya da ƙyamar aikin, da jin cewa ba ka iya komai kuma. Duka ukun na gan su a zaune a bakin ƙofata. Shi yana kiran abin ja da baya cikin bangaskiya. Shaiɗan yana son wannan kuskure ƙwarai, domin in ka ɗauki gajiya a kan zunubi ce, sai ka ƙara azumi da kwanan addu'a a kan jikin da barci yake nema, ka wayi gari ka fi jiya fushi. Dukan yaron zunubi ne, sai an tuba. Gajiyar kuwa ba zunubi ba ce. Ubangijinmu Yesu ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya, ya yi barci a kan matashi a cikin jirgi ana hadiri. A Markus 6, da almajiransa suka dawo daga aiki, jama'a suka hana su ko damar cin abinci, shi ne da kansa ya ce su keɓe su huta. In kuwa abin naka ya kai ba ka barci ko da ka samu lokaci, ko kana jin gara mutuwa kamar yadda Iliya ya ji, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa fastonka yau, ku tafi wurin likita tare.

Ranar Lahadi na tsaya a gaban dattawa na ce mun yi kuskure. Muka karɓe littafin kuɗi da ƙungiyar mawaƙa daga hannunsa, makarantar Lahadi kuma wata uwa daga zumuntar mata ta riƙe har Ista. Wani ya yi gunaguni cewa matasan yanzu ba su da juriya. Na buɗe masa Fitowa 18, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gaya masa ƙiri ƙiri cewa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Ka ga, da kansa da jama'a. Malamin da ya ƙare ba shi kaɗai yake shan wahalar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu mafi wuya shi ne zuwa wurin yaron. Na raka shi ranar Asabar. Ashe uban yaron mai sayar da garba ne a Adjamé, wato aceke da soyayyen kifin tuna, sana'ar da mutanen Nijar da yawa suke yi a birnin nan. Yaron tun kafin asuba yake tashi ya ɗebo ruwa, ya yanka albasa da barkono, ya wanke faranti, sa'an nan ya sa rigar makaranta. Malami mai gajiya ya doki ɗalibi mai gajiya, ba wanda ya san halin ɗan'uwansa. Uban ya karɓe mu da mutunci, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya.

"Haba Malam, don wannan kuka taso? Ka ƙara masa. Mu ma haka aka yi mana."

Saurayin ya ce, "Alhaji, na gode da amanar da ka ba ni. Amma ban doke shi don ya gyaru ba, don raina ya ɓaci ne. Shi na zo in roƙa gafara."

Ya durƙusa daidai tsayin yaron ya ba shi haƙuri da Hausa. Yaron bai ce komai ba, ƙasa kawai yake kallo. Uban ya daina dariya. Kafin mu tafi suka shirya cewa ranakun makaranta wani daga cikin yaran shagon zai riƙa ɗebo ruwan.

Akwai wata tsohuwar malama a makarantar, wadda ta shekara fiye da ashirin a aji, ba ta cikin ikkilisiyarmu, ba ma Kirista ba ce. Wata uku yana wuce ƙofar ajinta, kunya ta hana shi tambaya, don kada a ce sabon malami bai iya ba. Girman kai ne, ko da ya sa rigar kunya. Da ya je, ta ce ya zo ya zauna a bayan ajinta ya gani. Abin da ya gani ya ba shi mamaki, domin ba ta ɗaga murya. Da safe a bakin ƙofa take tsayawa, kowane yaro ta kira sunansa yana shiga. Dokokinta ba su wuce huɗu ba, suna rubuce a gefen allo, kowa ya san abin da zai same shi in ya karya, kuma hukuncin ba ya canzawa ko tana murna ko tana fushi. In surutu ya tashi sai ta ɗaga hannu ta yi shiru tana jira. Yaran da suka fi fitina su ta ba aikin share allo da raba littattafai. Rabin gyaran aiki a cikin aji take yinsa, tana zagawa benci benci da jan biro, ba ta kai tuli gida. Ta ce masa, "Ɗana, ba a yanke wa yaro hukunci da zuciya tana tafasa. Ka ce masa ya same ka in an fita hutu. Kafin lokacin kai ma ka dawo hankalinka."

Ka ga, ita ma magana take yi wa dutse. Yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mai gajiya ba ya iya shi.

Kada ka zaci labarin ya ƙare kamar tatsuniya. Ajinsa har yanzu ya fi nata surutu. Akwai ranakun da yake yin ihu har muryarsa ta dushe, ya zo ya faɗa mini. Ya bar gida ɗaya daga cikin gidajen darasin yamma, kuɗinsa sun ragu, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake taimakon mahaifiyarsa da kuɗin haya. Yaron nan ya ɗauki makonni kafin ya sake ɗaga hannu a aji. Tiyon kuwa ya kawo mini, yana nan a ofishina, na ce ya zauna wurina tun da ni ma da hannuna a cikin ɗaga shi.

Wataƙila kai da kake karanta wannan ka riga ka bugi naka dutsen, kana tambaya ko Allah ya gama da kai. Gaskiya ne Musa bai haye Urdun ba, daga Dutsen Nebo ya hango ƙasar, abin da muka yi cikin fushi yana da sakamako. Amma Allah bai sallame shi daga aiki ran nan ba, ya ci gaba da jagorar jama'a har bakin iyaka, Allah ne kuma ya binne shi. Sa'an nan ka buɗe Matiyu 17. A kan dutsen da kamannin Yesu ya sāke, su wa suka bayyana suna magana da shi? Musa da Iliya. Wanda ya buga inda aka ce ya yi magana, da wanda ya gudu ya roƙi mutuwa. Dukansu biyu suna tsaye kusa da Almasihu, wanda Manzo Bulus a 1 Korantiyawa 10 ya ce shi ne Dutsen da Isra'ila suka sha daga gare shi. Shi ma an yi masa bulala a farfajiyar Bilatus, ya san zafinta a bayansa. Wurinsa za ka kai abin da ka yi, wurinsa kuma yaron da ka doka yake da mai jin kukansa.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, ga bawanka da zai tashi gobe da sauran duhu ya tsaya jiran mota. Ka ba shi barci a daren nan. Ka gafarta masa abin da hannunsa ya yi cikin fushi, ka ba shi ƙarfin hali ya je wurin yaron. Ka tuna da yaran da suke zuwa aji da yunwa da gajiyar aikin asuba, a Adjamé da Treichville da ko'ina. Ka gafarta mana mu fastoci da dattawa da muke ɗora kaya ba mu tambayi nauyinsa ba. Ka haɗa kowane sabon malami da wani babba da zai zauna a bayan ajinsa ya koya. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.